Tambayi Akwatin Kafin Ka Tambayi Kuɗinsa

Ƙannena maza da mata, akwai wani ɗan akwati a kan kantar littattafaina wanda tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Katakonsa ja ne mai duhu, gefunansa sun sha hannu har sun yi sulɓi, a gabansa kuma akwai 'yar kafar makulli. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya zo hutu, ya ɗauke shi ya jijjiga kusa da kunnensa, ya ce, "Kawu, zinariya ake ɓoyewa a ciki?" Na ce masa ganyen shayi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. A ganinsa, abin da mai shayin bakin layinsu yake tsomawa a ruwan zafi ya yar, wa zai ɓata makulli a kansa?

Dariyar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na lura da yawa daga cikinku sun fara sha'awar tsofaffin kaya. Kuna ganinsu a wayoyinku ana gwanjonsu a Landan, wasunku da ke karatu a waje suna cin karo da su a kasuwannin ƙarshen mako, kuma abin da ke fara fita daga bakinku shi ne, "Nawa ne?" Tambaya ce mai kyau, amma wurinta ƙarshe. Kafin ita akwai tambayoyin da ake yi wa kayan da kansa: wa ya yi ka, yaushe, don me, kuma hannun wa da wa ka bi kafin ka iso nan? Wanda ya iya waɗannan ya zama ɗalibin tarihi ko da bai taɓa sayen komai ba. Wanda ya tsallake su kuwa nama ne a hannun dillali. Zan yi muku misali da akwatin shayi don shi na fi sani.

Mu fara da makullin da ya ba yaron dariya. Shayi ya shiga Ingila a tsakiyar ƙarni na 17. Samuel Pepys, wani ma'aikacin ofishin rundunar ruwa, ya rubuta a littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa ranar 25 ga Satumba 1660 ya fara kurɓarsa. A 1662 Sarki Charles na II ya auri Catherine ta Braganza, gimbiyar Fotugal wadda ta zo da sabon shan shayi, sai matan fada suka ɗauka, daga nan ya zama abin yayi a gidajen manya. Ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa, a jirgin ruwa mai tafiya da iska, wata da watanni a kan teku, kuma Kamfanin East India da aka kafa a 1600 shi kaɗai ke da izinin kawo shi. Gwamnati ta ga wurin samu ta yi ta lafta haraji har ya kai kashi 119 cikin ɗari, wato harajin ya fi kuɗin kayan. Abin da ya kai wannan tsada ba a barinsa a madafa. Uwar gida ce ke riƙe da makulli, a kawo mata akwatin falo a gaban baƙi, ta buɗe ta auna da hannunta, ta sake kullewa.

Tsada kuma ba ta zuwa ita kaɗai. 'Yan fasa-ƙwauri suka riƙa sauke shayi da dare a gaɓar teku, 'yan algus suka riƙa haɗa shi da ganyen wasu itatuwa, har da kashin tumaki don launi, wasu kuma su shanya ganyen da aka riga aka dafa su sake sayarwa. Sai a 1784 Firayim Minista William Pitt ƙarami ya sare harajin zuwa kashi 12.5, fasa-ƙwauri ya mutu murus, masu matsakaicin hali suka samu shiga. Kowane gida mai rufin asiri ya so nasa akwatin, kafintoci suka samu kasuwa. Shi ya sa yawancin akwatunan katako da za ku gani an yi su ne tsakanin shekarun 1780 da 1850. Bayan nan labari ya juya. A 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na Indiya karo na farko a Landan, daga 1867 aka fara gonakinsa a tsibirin Silon, shayi ya yi araha, 'yan kasuwa suka riƙa sayar da shi a ƙunshe cikin takarda da gwangwani. Ganye ya koma madafa, makulli ya rasa aikin yi. Kun ga abin da 'yar kafar makulli ɗaya ta faɗa mana: haraji, fasa-ƙwauri, zaman uwar gida da barorinta, da yadda daula ta sauya inda take sayen abin shanta.

Ko sunan ma yana magana. Turawan Ingila suna kiran akwatin "kadi", kalmar kuma daga "kati" ta fito, wani ma'auni na mutanen Malay mai nauyin kusan giram 600, wanda da shi ake auna shayi a tasoshin gabas. In kuka buɗe murfi, sau da yawa za ku tarar da ɗaki biyu, kowanne da ɗan murfinsa: ɗaya na baƙin shayi, ɗaya na kore, dangin wanda ake dafa ataya da shi a Agadas da Damagaram da Kano. A manyan akwatuna akwai kwanon gilashi a tsakiya, wasu masana suna cewa na sukari ne, wasu suna cewa na gauraya ganyen ne. Cikin ɗakunan an shafe shi da fallen darma da kuza don kada ƙamshi ya gudu ko danshi ya shiga. Na farko-farko ba ma katako ba ne, kwalaben tangaran ne masu zanen shuɗi da fari daga Sin, sai na azurfa. Siffa ita ma tana nuna zamani. Thomas Chippendale ya sa zanen akwatunan shayi a littafinsa na fasalin kayan ɗaki a 1754, masu lanƙwasa da ado. Zuwa 1788, lokacin da littafin George Hepplewhite ya fito, an koma ga ƙanana masu layi miƙaƙƙe da zane na katako mai haske. A shekarun 1810 da 1820 aka yi yayin masu siffar makarar dutse ta mutanen da, da 'yan ƙafafu da zobba a gefe. Birmingham ta shahara da na takarda da aka danne da gam aka gasa har ta yi tauri kamar katako, hanyar da Henry Clay ya yi wa rajista a 1772. Duk wannan ana iya koyonsa kyauta. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya zuba hotunan kayansa a intanet da bayaninsu, manyan gidajen gwanjo kuma suna barin bayanan abin da suka sayar. Ku kalli ɗari kafin ku taɓa ɗaya.

Ni ban yi haka ba, kuma na ji a jikina. Shekarun da nake karatu a Ingila na shiga wata kasuwar Asabar a wani ƙaramin gari, na ga akwatin shayi mai siffar tuffa, irin wanda aka sassaƙa daga itacen marmari, har da ɗan tsinkensa a ka. Na taɓa ganin hoton irinsa a wani littafi da kuɗin da ya razana ni, ga shi kuma mai kayan yana neman abin da bai taka kara ya karya ba. Zuciyata ta ce Allah ne ya kashe ya ba ka. Na zaro kuɗin da na tara don sayen rigar sanyi na miƙa, na tafi ina sauri kada ya farga. Bayan mako biyu na kai wa wani tsoho mai gyaran kayan katako a unguwarmu don ya taya ni murna. Bai ce komai ba, ya buɗe ya shinshina, ya juya shi a tafin hannunsa, ya ɗauko allura ya zura a ramukan da na ɗauka ƙwaro ne ya ci. Allurar ta shige sambal. Ya ce ƙwaro ba ya tafiya a miƙe, ramin gaskiya yana karkacewa a ciki, wannan kuwa da ƙusa aka yi shi. Ya nuna mini fallen darmar ciki lafiya lau kamar jiya aka liƙa, alhali na shekara ɗari biyu ya kamata ya zama 'yan ɓarɓashi. Ya nuna mini cewa an goge jikinsa ko'ina daidai wa daida, har inda yatsa ba ya kaiwa. Sannan ya sa na auna faɗinsa ta ɓangare biyu, ya fito daidai cif. Ya ce katako yana tsukewa ta gefe ɗaya in ya tsufa, don haka abin da aka sassaƙa da'ira tun zamanin da, yau sai ka same shi ya ɗan yi ƙwai. Tuffata ba ta girme ni ba. Na sha sanyin shekarar nan da tsohuwar riga.

Kama da wane ba ta wane. Ku riƙe darasin tsohon nan, ya fi abin da na biya. Tsufa na gaskiya yana bin hanyar amfani: bakin murfi inda babban yatsa ke ɗagawa, kewayen kafar makulli inda makullin ya yi ta kuskure, ƙasan ƙafafu inda ake ja a kan tebur. Ku duba kusoshi masu murɗi da ke riƙe da murfi, domin na kafin tsakiyar ƙarni na 19 bakinsu a dakushe yake, tsagar kansu kuma ba ta cika zama a tsakiya daidai ba. Ku duba ko akwai tsofaffin ramuka da aka toshe, alamar an sauya wani abu. Ku yi amfani da hanci, sabon gam da sabon fenti ba sa ɓuya. Sama da duka, ku ji tsoron araha. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kayan da ya shekara arba'in yana wannan sana'a bai jahilci abin da kai ka gani sau ɗaya a littafi ba. Ranar da ka ji kana sauri kada mai kaya ya farga, ka tsaya, kai ne ba ka farga ba. Tuffar nan tana nan a wurina har yau, na ajiye ta kusa da akwatin gaskiya, don ita ce malamata ta farko.

In kuna son wurin farawa da ba a cika yaudara ba, ku fara da azurfar Ingila, domin ita tana ɗauke da shaidarta a jikinta. Tun 1300 ake buga kan damisa a kan azurfar da aka gwada, daga baya ya zama alamar Landan. Zaki mai tafiya yana nufin kashi 925 cikin dubu azurfa ce zalla. Ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa alamar Birmingham ce, kambi kuma shi ne na Sheffield a da, garuruwan da aka buɗe wa ofisoshin gwaji a 1773. Akwai harafi guda da ke nuna shekara, akwai haruffan sunan maƙeri, daga 1784 zuwa 1890 kuma ana ƙara kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Da ɗan littafin hatimai da gilashin ƙara girma, yaro ma zai iya gaya muku gari da shekarar da aka ƙera abu. Ƙaramin cokalin awon shayi, gajere mai faɗin baki, sau da yawa mai siffar ɓawon teku, ya fi akwatin azurfa sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma darasin da ke jikinsu ɗaya ne. In kuka ga haruffan EPNS, ku sani ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe. In wannan ma ya yi nauyi, tsofaffin gwangwanayen shayi masu zane na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suna nan birjik. Gara ka mallaki abu ɗaya da ka sani ciki da bai da ka tara goma da ba ka iya kare ko ɗaya.

In abu ya shigo hannunku, ku tausaya masa. Babbar ɓarnar da sabon shiga yake yi ita ce gyara. Ya ga katako ya yi duhu, sai ya ɗauko samfefa ya kankare, ya shafa sabon fenti mai ƙyalli, ya kashe a yini ɗaya abin da hannaye suka shekara ɗari biyu suna ginawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ƙyalle mai laushi da ɗan kakin zuma jefi-jefi sun isa. Wanda zai kawo irin wannan akwati gida kuma ya tuna cewa an yi shi ne don ƙasa mai danshi. Yawancinsu siririn falle ne na katako mai tsada aka liƙa a kan mai araha, hunturunmu kuwa yana busar da na ƙasan ya tsuke, fallen ya tsage ko ya ɗago. A nisanta shi da taga, da rana, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a sa shi cikin kabad mai rufi. Kada kuma a zuba shayin sha a ciki, darma guba ce.

Akwai tambayar da ta fi ta shekaru nauyi, ita ce da me aka yi shi, kuma wa ya biya. Akwatunan da suka fi ɗaukar ido su ne waɗanda aka lulluɓe da ɓawon kunkurun teku aka yi musu layi da hauren giwa. An hana cinikin wannan kunkuru tsakanin ƙasashe tun 1977 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, na hauren giwa kuma aka yanke hana shi a 1989. Birtaniya ta ƙara da tata dokar ta 2018 da ta fara aiki a 2022, wadda ta hana sayar da kayan haure sai 'yan kaɗan da aka yi wa rajista. Wanda ya sa irin wannan a jaka ya nufi filin jirgi yana iya rasa kayan ya kuma kwana a hannun hukuma. Shawarata ku bar su a gidan tarihi. Ko na katakon ma ba wankakke ba ne. Jan katakon nan, ɗan'uwan maɗacinmu, daga Jamaika da Honduras aka saro shi, kuma bayi ne suka sare shi. Sukarin da ke cikin kwanon gilashin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka noma shi a Jamaika da Barbados. Kuɗin sayen ganyen kuwa, da azurfa ta yi wa Ingila wuya, da ofiyom na Indiya ta riƙa biya, abin da ya kai ga yaƙi da Sin daga 1839 zuwa 1842. Ban ce ku ƙi akwatin don wannan ba. Na ce ku san abin da kuke riƙe da shi, kada ku yaba ƙyallin ku manta da gumin.

Mutanen Japan sun koya mini wani abu dabam. A wurinsu battar garin shayi iri biyu ce: ta yumɓu da ake kira caire, da ta katako mai baƙin shafe da ake kira natsume, sunan da ke nufin ɗan magarya saboda siffarta. Akwai wata 'yar caire ƙirar Sin mai suna Tsukumo Nasu, mai siffar gauta, da za ta zauna a tafin hannu. A 1568 wani sarkin yaƙi, Matsunaga Hisahide, ya miƙa ta ga babban sarkin yaƙi Oda Nobunaga, shi kuma ya bar masa mulkin lardin Yamato. A 1615 ta farfashe lokacin da aka ci ganuwar Osaka da yaƙi, aka tono gutsattsarinta daga toka aka haɗa da shafen itace, yau tana gidan tarihi na Seikado a Tokyo. Yumɓu ne fa, kuma fasasshe. Abin da ya ɗaga ta shi ne an san salsalarta, hannu bayan hannu, kamar yadda malamanmu suke jero waɗanda suka karɓi karatu daga gare su. Don haka duk abin da kuka saya, ku buɗe masa shafi a littafi: ranar saye, wuri, kuɗi, abin da mai sayarwa ya faɗa, abin da kuka gano daga baya, har da kuskurenku. Ku ajiye rasit da hoto. Kaya marar labari maraya ne.

Game da kuɗi kuwa, kada wani ya ruɗe ku da cewa wannan hanyar arziki ce. Yayi yana juyawa a nan kamar yadda yake juyawa a kasuwar atamfa. Kayan katakon Ingila da aka yi rububinsu a shekarun 1980 da yawansu sun faɗi warwas da matasan can suka koma son ɗaki marar tarkace. Ku sayi abin da za ku ji daɗin kallonsa ko da ba wanda zai taya. Kada ku ci bashi dominsa, kada ku taɓa kuɗin makaranta ko na cefane ko haƙƙin iyaye. Sha'awa in ta wuce iyaka sunanta kwaɗayi, shi kuwa an san ƙofar da yake buɗewa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi damuna. Akwatunan nan sun kai yau ne saboda a kowane zamani an samu wani a gidan da ya ƙi yarwa, ko da makulli ya ɓata, ko da an koma zuba maɓallai a ciki. Mu fa? Ina battar kakanku, wadda aka ɗora jiƙaƙƙiyar fata a kan siffar yumɓu, ta bushe aka fasa yumɓun aka zazzage? Ina tandun man kakarku, da akushin da aka ci tuwo a ciki shekara hamsin, da adudun lefenta, da tasoshin jeren da aka yi mata ranar da aka kai ta ɗaki? Da yawa an ba masu gwangwan an karɓi roba. Wasu 'yan kasuwa sun saye su da kuɗin goro, yanzu suna cikin gilashi a ƙasashen da muke zuwa kallo. Ku sani ma dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba, kada a yi amfani da ku. Idon da kuka wasa a kan akwatin Bature zai yi muku aiki a Kasuwar Kurmi da Gidan Makama, zai kuma fi yi muku aiki a ƙarƙashin gadon tsohuwar gidanku. A can kuna da abin da babu gidan gwanjon da zai sayar muku: mai kayan tana raye, tana iya gaya muku wanda ya yi shi, da shekarar da aka saya, da abin da aka bayar. Ku je ku zauna ku tambaye ta tun tana iya amsawa, ku rubuta.

Ɗan ƙanwar nan tawa, da na gama ba shi labarin makullin, ya yi shiru yana jujjuya akwatin. Bai tambaye ni kuɗinsa ba. Da ya koma gida sai ga saƙonsa da hoton wata tsohuwar batta da ya tono a ɗakin kakarsa, murfinta ya ɗan tsage, an ɗaure da zare. Ya ce Hajiya ta ce ta mahaifinta ce, da ita ya je Makka a ƙasa ta hanyar Sudan, ya shekara bakwai kafin ya dawo, kuma yana so in gaya masa irin littafin da ya kamata ya saya don rubuta sauran abin da ta faɗa. Na ce masa ko na 'yan firamare ya isa, ya dai yi sauri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ido mai gani da hannu mai riƙon amana.